Masai Shida da Suka Kalli Gabas

Daura,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, Ya raba ki da direba mai gaggawa da mugun da ke tare hanya, Ya haɗa ki da mutanen da za su ga mutuncinki. Da gangan na cusa ta cikin kayanki, a ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa. Na san ba za ki kai hannu can ba sai kin yi nisa, inda ba za ki iya katse ni da "Umma, tsaya ki ji" ba.

Yanzu kin fita yi wa kakanninki sallama, gidan ya yi tsit. Yau kwana uku ke nan babu abin da ke haɗa ni da ke sai gaisuwa, gobe da safe kuma za ki tafi. Ba na so ki tafi kina zaton uwarki ta fara tsufa, ta koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ranar Lahadi kin buɗe kwamfutarki a kan tabarma kina nuna min zanen makewayin da malaminku, Dakta, ya yi wa sansanin 'yan gudun hijirar da za ku je, inda ya zaɓe ki cikin ɗalibai ki taya shi bincike. Kina murna, ina taya ki. Sai na ga 'yar kibiyar da ke nuna arewa a kusurwar zanen, na bi da yatsa, na ga duk wadda ta tsuguna a kan ramin nan alƙibla za ta fuskanta. Na faɗa miki. Kika ce zane ya riga ya wuce ofis, ke naki ki tambayi mata, ki cike fom, ki ɗebi ruwa a kwalba a kai gwaji. Har nan ban yi fushi ba. Sai kika ƙara da cewa ai malamai sun ce in a cikin gini ne babu laifi.

Kin san abin da ya biyo baya. Na ce ashe aku na aika jami'a, ba 'ya ba. Wannan kalma ba ta dace ba, ki yafe min ita. Amma fushin ban janye ba, sai dai yawancinsa ba naki ba ne.

Maganar da kika yi daidai ce, haka malamanmu suka tafi a kai. Ni na koya miki ita. Kuma ni na taɓa faɗinta, da irin wannan ɗaga hancin, ga wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Sandamu, ba a daɗe da yaye ki ba. Ba zan rubuta sunan ƙauyen ba.

A lokacin ina koyarwa a firamare. Shekarun ne da aka ƙaddamar da shari'a, kowa yana kaffa-kaffa da addininsa, har waɗanda da ba su damu ba. Wata damina ruwa ya ci rabin ƙauyen nan, gidaje suka zube, salga-salga suka cika suka tumbatsa, mutane suka tare a filin makaranta cikin rumfuna. Wata ƙungiyar agaji ta zo za ta haƙa burtsatse, ta gina wa mata makewayi shida a jere. Suna neman mace mai jin Turanci wadda za ta iya shiga cikin matan aure ta yi musu tambayoyi. Hedimasta ya ba da sunana. Rukayya, a ranar ban taka ƙasa ba. Ina ganin duk littattafan da na kwana da su tun ina yarinya yau suka yi rana.

Ranar farko na ci ado kamar mai zuwa suna: leshi, takalmi mai tsini, jaka a hammata. Matan suna zaune a kan buhunan da suka tsira da su. Aka kawo min ruwa a kwanon sha, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Na leƙa, na ga launinsa kamar an wanke gero. Maimakon in faɗi gaskiya sai na ce ina azumi. Suka yi min sannu da ibada, wata har ta roƙi in sa ta a addu'a in na zo buɗa baki. Ba a yi awa biyu ba suka hango ni a cikin motar ƙungiya, na juya baya, ina kwankwaɗar ruwan gora. Daga ranar sunana a ƙauyen ya zama Malama mai azumin mota. Har yara sun sani. Ni kaɗai ce ban sani ba sai bayan wata guda.

Ba cewa nake ki sha ruwan da kika san zai kwantar da ke ba. Ki karɓa da hannu biyu, ki gode, ki ce cikinki bai saba ba, kuma ruwan nan shi ne abin da ya kawo ki. In sun dama kunu mai zafi ki sha, ki nemi ƙari. Macen da ta rasa gida ba ta rasa ido ba. In ta kama ki da ƙarya a kan kwanon ruwa, ta gama da ke, duk abin da za ta gaya miki bayan nan ladabi ne kawai.

Ladabin kuwa shi na yi ta rubutawa. Mai gari ya haɗa ni da ƙanensa ya riƙa raka ni, ni kuma na ga girma ne. Sai in zauna a kujera, shi yana tsaye a bakin rumfa yana jan carbi, in buɗe fom in tambayi matar aure, da babbar murya irin ta aji, ina take zagayawa, sau nawa a rana, yaya take so a gina mata wurin. A gaban ƙanen mai gari, wanda wasunsu surukinsu ne. Wata ta rufe fuska da mayafi, wata ta hau ƙoƙarin ba ɗanta nono alhali barci yake. Dukkansu amsa ɗaya suka ba ni, duk yadda aka yi daidai ne, Allah Ya saka da alheri. Ni kuwa biro na gudu. Na cike fom ɗin nan tas, babu gurbi ko ɗaya, na kai aka yaba min. A takarda, matan ƙauyen kaf sun amince da zanen da ko ganinsa ba su yi ba.

Ni haifaffiyar Daura ce, an yi min tarbiyya a gidan da ba a ambaton bayan gida sai a ce an zaga. Na san kunyar nan kamar yadda na san sunana. Amma da aka ba ni biro da fom mai Turanci sai na manta a gidan wa aka haife ni. Ke ma za a ba ki fom, wataƙila a cikin waya. Ki sallami duk namijin da aka ce ya raka ki, cikin girmamawa, ki ce maganar mata ce, zai fi ki murna. Ki ajiye fom ɗin a jaka. Ki je inda ake kitso, inda ake wanki, ki zauna a ƙasa, ki tsinci wake in ana tsinta. Ki nemi ungozoma da mai wankan jego, su ne ba sa jin nauyin maganar jiki. Abin da za ki ji a rana ta uku ba shi za ki ji a rana ta farko ba. In amsa ta zo wadda babu gurbinta a fom, ita ce kika je nema. Ki rubuta ta a bayan takarda.

Yanzu ga wadda ta sa na yi miki tsawa.

Salgar gidajenmu rami ne zagayayye, mutum ya juya inda ya ga dama. Ta ƙungiya kuwa murfin siminti ne da aka yi masa sawun ƙafa biyu, ga ɗaki ƙarami, dole ka taka inda aka ce, ka kalli inda aka ce. Magina sun jera ɗakunan ne suna bin layin hanya, hanyar kuwa ta sa sawun ya kalli gabas. Ranar da aka kafa katakon zubi, ba a kai ga kwaɓa siminti ba, sai wata tsohuwa ta ja ni gefe. Gwaggo Lami ake ce mata, ita ce ungozomar ƙauyen, 'yar siririya, bakinta ja da goro. Ta riƙe min hannu ta ce:

"Malama, ke da kike jin yarensu, ki gaya wa mai ginin nan ya juya ƙafafun. Inda muke kallo mu gai da Ubangiji ba za mu kalla mu yi wannan ba."

Da jahila ce ni da na ruga na faɗa. Karatu ne ya cuce ni. Na gyara tsayuwa na yi mata darasi: hanin nan a fili ne, a daji, amma in akwai bango tsakaninka da alƙibla malamai sun sauƙaƙa. Na kawo mata larabcin ma, don ta san da wa take magana. Ta saurare ni har na gama, ta ce to, Malama ta fi ta sani, amma ita dai ƙafarta ba za ta iya ba. Ta sake min hannu ta tafi. Na koma ina jin daɗi na kayar da tsohuwa a muhawara.

Injiniyan aikin wani Ibo ne, Injiniya Uche, Kirista, mutum mai natsuwa, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan irin ta kasuwa. Ya ga tsohuwar ta ja ni. Ya zo ya same ni, ya ce shi baƙo ne a nan, bai san abin da ake so da abin da ba a so ba, in akwai wani abu in gaya masa yanzu kafin a zuba, don siminti in ya bushe ba ya jin magana. Bakinsa da kunnena. Na ce masa babu komai, surutun tsofaffi ne. Kin san dalili? Kunya nake ji ya ɗauka mu mutanen duhu ne. Ina so ya ga a cikinmu akwai wayayya, ga ta nan a gabansa da takalmi mai tsini.

Aka zuba. Aka shafa fenti, aka yi taro, aka ɗauki hoto, ina tsaye a gefe ina murmushi. Matan suka yi guɗa, don an ce su yi. Bayan nan babu wadda ta taka wurin. Cikin mako biyu, ɗaya daga ɗakunan ya zama ma'ajiyar harawa, wani kuma kaza ta yi ƙwai a ciki. Matan suka ci gaba da zagayawa bayan gari, gangaren da ke malalowa wajen tsohuwar rijiya, burtsatsen kuwa ba a gama ba, daga rijiyar ake sha. Ruwan ƙarshen damina ya sauka. Amai da gudawa ya shiga rumfunan.

Da labari ya zo ɗakin malamai, har da ni a masu cewa jahilci ne, an gina musu abu sun ƙi. Na faɗa da ƙarfi fiye da kowa, kin san muryata. Sai aka ce cikin waɗanda aka rasa akwai jikanyar Gwaggo Lami, yarinya sa'arki.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Na san wataƙila ko an juya sawun cutar za ta zo ta wata hanya. Na gaya wa kaina haka sau dubu, kuma gaskiya ne. Amma ƙaddara ba ta goge abin da na yi da bakina ba. An ba ni saƙo, hanyar isar da shi taku goma ce, na riƙe.

Na je ta'aziyya, wannan karon da silifa. Ina jiran ta zage ni, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi lafiyarki, don na taɓa ce mata ina da ƙaramar 'ya. Ta sa aka kawo min ruwa. Na shanye.

Da rani Injiniya Uche ya dawo duba burtsatse, ya ga harawa a makewayi. Gwaggo Lami ba ta sake neman mai Turanci ba, ta tare shi da kanta, da hannu da ƙafa ta nuna masa, direbansa ya ƙarasa bayani. Mutumin nan bai yi musu ba, bai tambayi a wane littafi aka rubuta ba. Ya sa aka fasa murafan, aka zuba sababbi suna kallon kudu, aka ja ɗan bango ya kare ƙofofin daga inuwar da maza ke zama, don ashe wannan ma yana damunsu, ban taɓa tambaya ba. Aikin kwana biyu. Kafin mako ya zagayo sai da aka riƙa yin layi. Bara na bi ta hanyar za ni biki, na ga ginin yana nan, an sake masa rufi, da butoci a jere a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin abin da ya faranta min rai ya kuma ƙona shi lokaci guda kamar butocin nan ba.

Kafin ya tafi ya biyo makarantarmu. Bai ɗaga murya ba. Cikin Hausarsa mai karyewa ya ce, "Malama, wannan abu, ke ba ki sani ba?"

Na ce ban sani ba.

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya yi min sallama. Ban sake ganinsa ba. Wannan amsar ita na bar wa kowa. Abbanki ma ita ya sani. Shekara ashirin da ɗoriya yana ba da labarin yadda matarsa ta yi aiki da 'yan agaji, ni kuma ina kau da kai, yana ɗauka tawali'u ne.

To kin ji. Da kika buɗe baki ranar Lahadi, muryata na ji, har da yadda nake karkata kai in zan kawo hujja. Shi ya sa na rasa hankalina.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ban ce ki je ki tsaya a gaban Dakta ki ce Umma ta ce a juya masai ba. Wannan ma akun ne, an dai canza mai koya masa magana. Wataƙila matan sansanin nan ba su damu da gabas ba, abin da ke damunsu nisa ne, ko rashin sakata, ko babu wurin ajiye buta, ko ƙofar tana kallon shagon mai shayi. Ban sani ba, Dakta bai sani ba, ke ma ba ki sani ba. Bambancin ku shi ne ke za ki iya shiga inda shi ba zai shiga ba. Don haka ya ɗauke ki, ko da shi kansa yana ganin don makinki ne. Ki kai musu zanen, ki zana shi a ƙasa da tsinke, ki tsaya a ciki ki nuna musu inda fuska za ta kalla. Su faɗa. Abin da suka faɗa ki ɗauka ki kai, ko kin yarda da shi ko ba ki yarda ba, ko kina da hujjar da ta fi tasu. Ba muhawara aka aike ki ba. Masan da aka ci muhawara a kansa amma babu mai shiga, rami ne kawai da fenti.

In za ki gaya masa, ki same shi shi kaɗai, ba a gaban ɗalibai ko mutanen ofis ba. Malaman jami'a fatarsu ba ta da kauri, na zauna da su na sani. Ki gaishe shi, ki ce ga abin da mata suka ce, ga yawan waɗanda suka faɗa, kuma ba a zuba siminti ba tukuna. Kada ki ce ya yi kuskure, bar shi ya gano da kansa, har ya ɗauka tunaninsa ne. In ya ji, alhamdu lillahi. Yawancin mutane sun fi yadda muke tsoronsu sauƙi, ni injiniyana roƙona ya yi in faɗa. In ya ƙi, ki rubuta a rahotonki da hannunki, ki sa suna. Za ki iya rasa yabonsa, wataƙila badi ya ɗauki wata. Na auna wannan kafin in rubuta, ba na raina shi, na san yadda kika yi wahala kafin ki kai nan. Duk da haka ki faɗa.

Kuma ki daina cewa ke 'yar cike fom ce. Baffanki da ya zauna a zaure yana dariya wai 'yar gidan nan ta je jami'a ta karanto masai, na ba shi amsa a gaban Abbanki. Na ce ya kwana biyu bai shiga ba, sa'an nan ya zo mu yi maganar wane karatu ne ya fi daraja. Bai sake tayar da zancen ba. Ban kare ki a zaure don ki je can ki ƙasƙantar da kanki ba. Kin fi ni ilmi nesa ba kusa ba, kin san zurfin da rami zai yi, kin san tazarar da za a bari tsakaninsa da rijiya, kin san sunan ƙwayoyin da ni sai dai in ce cuta. Kuma kin fi ni taushin zuciya, wannan daga Abbanki kika gado. Na ga yadda tsofaffin unguwar nan ke sake jiki da ke. Mata za su gaya miki abin da ba su gaya min ba. Ina da yaƙinin za ki yi aikin da ni na kasa, har ki wuce.

Saura abu ɗaya. In kin yi duk wannan Dakta ya ce ƙaramar magana ce, ba za a ɓata zane saboda ita ba, to na ba ki izini ki miƙa masa wannan takarda ya karanta, daga farko har ƙarshe, da sunana a ƙasa. Ya san ba daga littafi kika ɗauko ba. Abbanki kuwa ba zan bari ya ji a bakin wani ba. Gobe in mun dawo daga raka ki tasha, zan zaunar da shi in gaya masa da kaina.

Allah Ya kai ki lafiya Ya dawo min da ke lafiya. Ya tsare ki daga cutar da kika je yaƙa, Ya tsare mutuncinki a inda babu wanda ya san gidanku. Ya buɗe miki kunne, Ya ƙarfafa miki harshe a ranar da za ki buƙace shi. Ya mayar da mutanen nan garuruwansu cikin aminci. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki kira ni duk Juma'a ko da layin yana yankewa. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Malama Sa'ade